Hoto Huɗu a Ƙofar Jirgin Lilo

Asabar, 7 ga Satumba

Yau ma tsutsa. Wata gona ce can bayan Garstang, manomin ya gaji da shanu ya kafa lilo uku da rumfar shayi, shi ne ƙungiyar su Fergus ta masu bin jiragen lilo ta cika mota biyu muka tafi. Mutum tara, ni ce ƙarama a ciki, duk saboda jirgin lilo ɗaya na yara mai kan koriyar tsutsa, wanda tudunsa bai fi rufin motarmu tsawo ba.

Dokar ƙungiyar ba ta canzawa: jirgi jirgi ne. Da wanda ke kifa mutum a sama can Jamus, da wannan da ke tafiya kamar amalanke, duk ɗaya ake ƙirga su, in dai kan dogo yake gudu. Dole kowa ya hau.

A ƙofa an rubuta babba ba ya hawa sai da yaro. To, aron yaro ke nan, kuma aikina ne tun da na auri Fergus. Babu uwar da za ta miƙa ɗanta ga ƙato mai gemu sanye da rigar da aka zana wa dogo a ƙirji. Na sami wata mai tagwaye na ce, “Mijina ne wancan. Ba shi da cikakken hankali amma ba ya cizo.” Ta yi dariya har ta zubar da shayinta. Tagwayen sun yi ta hawa har kowa ya samu, aka biya su da askirim.

Fergus a cikin tsutsa, gwiwoyinsa a kunnensa, ƙarfen tsaron kujerar ya ƙi sauka sai da ya riƙe numfashi. Amma fuskar nan tasa in jirgin ya zagayo. Ban san yadda zan rubuta ta ba. Ita na aura, ina jin.

A wurin shayi tsoho Wilf, shugaban ƙungiya, ya ce, “Fergus, ku taimaki jama’a mana. Ku haifo mana namu na kanmu mu huta da roƙo a ƙofa.” Fergus ya ce, “Ana duba lamarin, shugaba.” Kowa ya yi dariya. Ni ma na buɗe haƙora.

Litinin, 9 ga Satumba

Na gama littafin soyayya na likitan tsibiri, na fara na mai gadin fitilar teku. Shi ma ba ya magana, shi ma yana da tabo a gira. Duk mazan littattafan nan kamar uwa ɗaya ta haife su, kuma ban gaji ba.

Ƙamshin furannin shago ya dame ni yau. Ni da nake kwana da shi a gashi.

Laraba, 11 ga Satumba

Layi biyu.

A banɗakin shago na yi gwajin ciki, bokitan wardi a ƙafata. Na fito na ɗaura wa wata mata furen bikin ’yarta, na saka mata zare baƙi maimakon fari, sai da ta nuna min.

Alhamis, 12 ga Satumba

Ban gaya masa ba.

A littafi an san yadda ake yi. Tana tsaye bakin taga, ta kama hannunsa ta ɗora a cikinta, ba ta ce komai ba. Shi kuma ya durƙusa. Ni ma tun ina ’yar sha biyar na tsara nawa: kan gadar katakon da ta shiga cikin teku, rana na faɗuwa, shuɗiyar riga.

Amma ba rigar ce ta hana ni ba. Maganar Wilf ce. Tun jiya take yawo a kaina. Ina tsoron abin da zai fara fitowa daga bakin Fergus. In ya ce, ko da wasa ne, “Mun samu namu,” ko ya fara lissafin yaushe zai kai tsawon hawa tsutsa, zan yi dariya, na san kaina, amma ba zan manta ba har in mutu. Kalmar farko sau ɗaya ake yin ta. Ina so ta zama tawa da ta ɗan nan, ba ta ƙungiya ba.

Wauta ce ƙila. Ya dawo daga aiki da ƙurar silin a gashinsa, ya sumbaci ƙeyata ya tambayi ko akwai sauran fanke.

Asabar, 14 ga Satumba

Filin lilon bakin ruwa na Southport. Shekara biyu ina wuce allon nan na ƙofar kowane jirgi, ban taɓa tsayawa na kalle shi ba sai yau. Hoto huɗu ne, kowanne an ja masa jan layi: zuciya, ƙashin baya, hannu a ɗaure, sai mace mai ciki. An zana ta kamar ta haɗiyi ƙwallo.

Har jikin ƙaramin jirgin macijin yara akwai shi. Na tsaya na karanta har ƙasa, na ce wa Fergus na ƙoshi da yawa, ya hau shi kaɗai. Daga baya na hau dawakan katako tunda su ba allo, na zaɓi fari mai suna a wuya. Da na zagayo na gan shi tsaye yana kallona, bai ɗaga hannu ba. Kullum yana ɗagawa.

Lahadi, 15 ga Satumba

Ranar Baba. Shekara goma sha ɗaya da rasuwarsa. Na haɗa masa fararen furanni da kaina kamar kullum, muka ɗauki Mama muka hau maƙabarta. Mama ta sake ba da labarin, yadda yana arba’in da uku, lafiyarsa ƙalau, ya hau bene da kwandon wanki zuciyarsa ta tsaya. Duk shekara sai ta ce, “Kwandon ko nauyi ba shi da shi.”

A hawan tudun numfashina ya ɗauke, na dafa wani dutse na huta. Mama ta ce na yi fari. Na ce takalmin ne.

Na so in gaya wa Baba a zuci, sai na ga bai dace ya riga Fergus ji ba.

Talata, 17 ga Satumba

Barci, barci, barci. Na yi gyangyaɗi kan mai gadin fitila daidai inda zai buɗe baki.

Asabar, 21 ga Satumba

Wani gidan dabbobi mai ƙaramin jirgi a bayan kejin birai. Allon yana nan. Na nemo musu yara, na koma benci wurin Doreen, matar Wilf, wadda aikinta riƙe riguna da jakunkuna. Ta kai shekara arba’in tana yi, ko sau ɗaya ba ta taɓa hawa komai ba.

Na ce, “Doreen, ba ki gajiya?”

Ta ce, “Da me? Wasu matan mashaya suke bin nasu su ɗauko. Ni nawa na san inda yake, ga shi can cikin jirgin kada.”

Ta dube ni sama da ƙasa, ta zaro biskit mai citta daga jakarta ta miƙo min, ta ce in riƙa ci kafin in sauko daga gado. Na ce kada ta faɗa wa Wilf. Ta ce, “In faɗa masa me? Biskit na ba ki.”

Fergus sau ɗaya ya hau ya sauko. Ko muhawarar da suke yi bayan kowane hawa, wane kwana ya fi girgiza, kujerar gaba ko ta baya, bai shiga ba. Ya zo ya zauna kusa da ni yana ta murza hularsa.

Laraba, 25 ga Satumba

Wani abu na damun Fergus, kuma ba ya faɗa.

Gishiri ya ɓace daga tebur. Na tambaya ya ce ya ƙare, alhali ranar Juma’a na saya. Man shanu ma haka. Jiya dafaffen kifi ya yi mana da ganye, ko mai babu, mutumin da ke soya har burodi. Ba ya bari in ɗauki jakar cefane. Kwandon wanki kuwa har fizge shi ya yi daga hannuna a ƙasan bene.

Sannan waya. Yana fita bayan gida da ita, in na leƙo ya kife ta a cinya. Shekaranjiya na ji yana cewa, “A’a, kada ki gaya mata na kira.”

Na san me wannan ke nufi a littafi. Miji ya fara kirki ba dalili, yana ɓoye waya. Na zauna na bi matan ƙungiya ɗaya bayan ɗaya, duk sun haife ni, sai na ji kunyar kaina. Fergus ko ƙaryar cin biskit ba ya iyawa.

Abin da na fi tsoro ya fi wannan sauƙi. Na daina hawa, shi kuma ya fara yi min irin ladabin da ake yi wa baƙuwa.

Juma’a, 27 ga Satumba

Wilf ya kira da yamma, muryarsa har kicin. Za a rufe tsohon filin nan na bakin tekun Wales, an sayar da wurin za a gina gidaje. Ranar ƙarshe Lahadi ta sama. Kuma mai wurin ya yarda, bayan an sallami jama’a, ƙungiya ta hau Zomo na ɗan lokaci kafin a kashe wuta.

Zomo. Ƙaramin jirgin katako ne na yara tun zamanin kakanni, ba a taɓa barin babba ya hau ba, da yaro ko ba yaro. Akwai sanda a ƙofa, in kanka ya wuce ta shi ke nan. Labarin da Fergus ya fara ba ni ke nan ranar da muka haɗu, wasu mazan da labarin motarsu suke farawa. Yana ɗan shekara takwas babansu ya tuƙa su tun asuba, aka tsayar da shi jikin sandar, ya wuce ta da faɗin yatsa. Ya tanƙwashe gwiwa, mai ƙofar ya ce ya miƙe. Ƙanwarsa ta hau sau uku yana riƙe da shinge. Ni a ganina duk tsutsotsin nan da yake bi a faɗin ƙasa, Zomo yake nema a cikinsu.

Kujera mutum biyu take ɗauka. Wilf ya ce ya rubuta mu tare, ta gaba.

Na zaci Fergus zai ɗaga ni sama ya juya. Ya ajiye wayar ya ce, “Za mu gani, in kina jin ƙarfi.”

Talata, 1 ga Oktoba

Asibiti, wurin unguwarzoma. Na ce wa Fergus kaya za a kawo shago da wuri. Mace ce mai sanyin hannu, ta auna ni ta ce komai daidai, hakin da barcin duk na ciki ne. Ta tambayi ciwon da ke danginmu, na gaya mata na Baba, ta saurari ƙirjina ta ce tawa kamar agogo.

Na ce, “Ƙaramin jirgin lilo fa, na yara, sau ɗaya tak?” Ta cire tabarau ta ce, “Akwai allo?” Na ce akwai. Ta ce, “To kin karanta ai.”

Ta tambaya ko maigidan ya yi murna. Na ce sosai.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Na gwada. Allah ya gani na gwada.

Shuɗiyar riga, gadar katako, rana ma ta ba da haɗin kai. Na sayi soyayyen dankali na zuba gishiri son raina don kwana biyu bakina ba ɗanɗano. Ina juyowa ya karɓe takardar daga hannuna ya ce ba shi da kyau, ya ajiye kan benci, tsuntsayen teku suka yi wawa a kai.

Sannan ya zaunar da ni, ya kama hannuna biyu, fuskarsa kamar ta mai zuwa gaisuwar mutuwa, ya ce, “Tamsin, in akwai abin da kike son gaya min, ko mene ne, zan iya ɗauka.”

Tamsin. Tun aurenmu Tam yake ce min.

Wa zai ba da albishir ga irin wannan fuskar? Na ce abin da nake son gaya masa shi ne dankalina nake so. Muka dawo gida, yayyafi ya jiƙa rigar.

Asabar, 5 ga Oktoba

Gobe. Zan tsaya a layi, in mun kai ƙofa in ce kaina na ciwo, ya hau da wani. Ya samu Zomonsa tukuna, kada labarina ya shiga ciki, kada Zomo ya shiga cikin nawa.

Litinin, 7 ga Oktoba

Jiya ban iya rubutu ba. Bari in bi shi a hankali.

Mun isa da rana. Wurin ya tsufa fiye da hotunansa, fenti duk ya ɓare, rabin rumfunan a rufe. Amma mutanen garin sun fito, tsofaffi da jikoki, wata mata tana kuka jikin injin alewar auduga. Da yamma aka sallami kowa, aka bar mu mu goma sha wani abu, masu furfura da masu tumbi, a layi gaban wani ɗan jirgi mai kunnuwan katako. Mai wurin da kansa ya cire sandar awon ya jingine ta gefe. Wilf ya cire hula.

Jirgin mutum shida yake ɗauka, kuma da nauyin manya sai an tura shi da hannu kafin ya kama sarƙa. Mai wurin ya ce zagaye kaɗan zai iya ba mu, injin ya yi zafi, in ya tsaya ya tsaya. Wilf ya ce mu ne a zagaye na biyu.

Na farko ya tafi. Katakon na ƙara kamar tsohon gado. Fergus bai ko kalle shi ba, ni yake kallo. Allon na nan a ƙofa, da hannu aka zana shi, ya koɗe.

Da aka buɗe mana na ce, “Fergus, kaina. Ka hau da Wilf.”

Ya kama gwiwar hannuna ya fitar da ni daga layin, ya wuce da ni bayan rumfar harbin gwangwani inda ba kowa, ya zaunar da ni kan wani akwati. Ina jin Wilf yana kira, “Kai, ɗan samari, kujerarka.”

Ya tsuguna a gabana ya ce, “Zuciya ce, ko? Irin ta babanki.”

Na ce, “Me?”

Ya ce in daina, ya sani. Wai tun Southport ya lura. Duk abin da ke da allo na ƙi, duk abin da ba shi da allo na hau. Ya ɗaga yatsu yana lissafa min kamar mai neman inda waya ta tsinke a bango. “Ba baya ba ne, na ga kina ɗaga bokitan shago. Hannunki ba a ɗaure yake ba. Kina haki a tudu, kina barci da rana. Abokin aikina ya gan ki kina shiga asibiti ranar Talata. Na kira mamanki ta ce haka babanki ya yi ta gajiya kafin nan.” Ya ce ya karanta komai a waya, akwai magani yanzu, akwai aiki, ba kamar da ba, zai sayar da motar in ta kama. Sati uku ke nan yana tashi yana sa kunne a bayana in ina barci.

Gishirin. Kwandon wankin. Ni ina can ina zargin tsofaffin ƙungiya.

Na ce, “Fergus, hoto nawa ne a allon?”

Ya ce, “Huɗu.”

“Nawa ka lissafa?”

Ya dubi yatsunsa. Uku ne a tsaye. Mutumin da ya haddace allon nan da Turanci da Jamusanci da yaren Holan, ya san wane fili ne ya zana zuciyar a karkace. Daga baya ya ce min tun yana yaro in ya zo kan na huɗun tsallakewa yake yi, tunda ba nasa ba ne, har idonsa ya daina ganin sa.

Na ga lokacin da ya iso wurin. Bakinsa ya buɗe. Na riƙe numfashi, na ce a raina to ga ta nan, kalmar farko.

Ya ce, “Ke nan ba mutuwa za ki yi ba.”

Na ce a’a.

Ya zauna daɓas a ƙasa cikin jiƙaƙƙen yashi, ya kifa kansa a gwiwata. Kafaɗunsa suna rawa, ban san kuka ne ko dariya ba, ina jin duka. Can ya ɗago, gemu duk majina, ya ce, “Na hana ki dankali. Kina da ciki na ba tsuntsaye dankalinki.” Sai kuma, a hankali, “Yana lafiya? Kun gan shi? Ke kaɗai kika je?”

Wannan ta ƙarshen ce ta sa ni kuka.

Ina jin Zomo yana zagayawa a bayanmu, tsofaffi suna ihu kamar ’yan makaranta. Ni ce na tuna. Na ce, “Tashi, jirginka.” Ya ce bari. Na ce, “Fergus, tashi mana, za a kashe.” Ya ce bai gama tambaya ba: yaushe, wane wata, me unguwarzoma ta ce, me zan ci. Na ja hannunsa, ina, kamar in ja firji. Muna cikin haka ƙarar sarƙar ta tsaya, fitilun suka mutu layi-layi.

Wilf ya zagayo yana haki, fuskarsa ja. “Shekara ashirin da biyar kana ba mu labarin abin nan har mun haddace, ka zo ka zauna a ƙasa?” Doreen ta zo bayansa da riguna a hannu ta ce, “Wilfred, zo mu je mota.” Ya ce, “Amma ai…” Ta ce, “Mota.”

A hanya mun tsaya an saya min dankali babbar takarda. Shi ya zuba gishirin.

Laraba, 9 ga Oktoba

Mama ta ce ta sani tun maƙabarta. Ƙarya take, ita ce ta tsorata shi.

Na tambayi Fergus ko yana jin zafin Zomo. Ya ce, “Wane Zomo?” yana auna ƙaramin ɗaki da tef. Sai da na ga ya tsaya yana kallon bango na ɗan lokaci kafin ya rubuta awon.

Da na gaya masa tun farko, da ya hau. Wannan ba ya barina.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Ƙungiya ta ji. Wilf ya buɗe baki, Doreen ta taka masa ƙafa, ya ce, “Allah ya raya,” ya rufe. Fergus har yau bai haɗa ɗan nan da jirgi a jimla ɗaya ba. Ko sau ɗaya. Ina ta saurare, shiru.

Mai gadin fitila yana nan inda na bar shi. An kusa gaya masa shi ma, na san zai durƙusa, wandonsa ba zai jiƙe ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Shago ba ciniki, ruwa tun safe.

Ba wani abu na yi ba. Lambar mai filin Wales ɗin tana jikin tikitin da na tsinta a aljihun rigata, na ce bari in ji ko sun ƙone katakon, don kawai in sani. Ya ce a’a, wani mai gona a Cumbria ya saye Zomo gunduwa-gunduwa, zai kafa shi kusa da tafki, amma aikin zai ci shekara biyu ko uku. Ya ba ni lambarsa. Tunda na riga na fara, na kira shi ma.

Mutumin yana da kirki, yana ta ba ni haƙurin kukan tumaki. Ya ce zai ƙarfafa kujerun, don haka zai bar babba ya hau, ɗaya a kujera, in yana tare da yaro. Yaron kuma sai ya kai santimita casa’in. Na ce sandar sama fa, ta masu tsawo? Ya ce wannan tana nan ga yara, ba zai taɓa ta ba. Ya ce, “Yaronki shekararsa nawa?” Na ce tukuna.

Da rana unguwarzoma ta kira kan ranar ɗaukar hoton ciki. Kafin ta ajiye na tambaye ta, a cikin hira dai, yaro yana kai casa’in a wace shekara. Ta ce wajen biyu da rabi, in ya ɗauko ubansa ma kafin nan.

In ya ɗauko ubansa sai an yi sauri, kada a sake wuce sandar.

Ban gaya wa Fergus ba. Ba ɓoyewa nake yi ba, jiya-jiya na yi alkawarin na daina. Kawai dai kujera ɗaya babba ɗaya ne, kuma ban gama yanke wa zai fara hawa ba, ni ko shi.